Itace Huɗu a Tafin Kaka

Akwai ƙamshin da har yau in na ji shi kunya take riga yunwa zuwa, wato ƙamshin gwaza da aka binne a toka mai zafi. Matata ta san da haka. In muka wuce mai gasa gwaza a bakin hanya takan ce in ɗaga gilashin mota kada in suma. Wasa take yi, ni ma ina yin dariyar, amma ba ta kai mini ciki.

A Kafanchan muke a lokacin, wajen 1993, ina ajin farko na sakandare. Baba yana aikin jirgin ƙasa, yakan yi kwana biyu ko uku a hanya. Mama tana sayar da citta a kasuwa, da maraice kuma sau da yawa tana coci wajen zumuntar mata. Kaka, mahaifiyar Baba, an ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Zonkwa saboda yanar ido ta rufe mata gani. Tana gane rana, tana gane hasken murhu, amma mutum in ya tsaya a gabanta inuwa kawai take gani. Ta ƙi zaman falo ƙememe, ta ce kujerar kushin tana haɗiye mutum. Dole aka kafa mata duwatsu uku a bayan kicin, kusa da inda Mama take shanya citta, nan ne fadarta.

Mu huɗu ne yaran gidan: ni, ƙanwata Saratu, autarmu Ladi, da Yohanna ɗan kawunmu da yake karatu a wurinmu. Da an gama tuwon dare, kowa zai zo da itace ɗaya, ya sa wa Kaka a tafin hannu, ya faɗi sunansa. Sai ta shafa itacen, ta tura shi a murhu, ta binne gwaza ɗaya a toka da sunan mai shi. Da haka take ƙidaya mu tunda ido ba ya yi. Tatsuniya kuwa tsawon itacen nan take ci. Da ya cinye sai ta ja baki ta tsuke, ko da kura ta riga ta buɗe baki a kan yarinya, sai gobe. Akwai doka ta biyu da ta zo da ita daga ƙauye: tatsuniyar da ta kai ƙarshe ba a sake ta sai wata shekara, in an kuma haƙar citta.

Ba ta buɗewa yadda na ji ana yi a wasu gidaje. Takan gyara zama ta ce, “Na zo da baƙuwa.” Mu ce, “A ba ta tabarma.” In ta gama ta ce, “Baƙuwa ta tashi.” Mu ce, “Ta gaida gida.” Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, in ka cire baƙuwar nan, mace da namiji duk “shi” ne a bakinta, har tukunya da tabarma.

Ni Maigida take ce mini, don sunan mijinta na ci, Bitrus. “Maigida, yau ma itace ɗaya tal? Wane irin miji ne wannan, ko gishiri ba ya kawowa.” Ina da wata baiwa da take so ƙwarai: na iya kwaikwayon murya. Ina yin fastonmu lokacin da yake jan “Ubangijiii”, ina yin mai shelar tasha, ina yin Mama tana ciniki. Kaka takan ce, “Maigida, yi mini fasto,” ta yi ta dariya har sai ta share ido da gefen zane.

Ana nan sai gem, wasan talabijin, ya shigo unguwarmu.

Katanga ɗaya ce, gajeriya, tsakaninmu da gidan Alhaji mai shagon rediyo. Ɗansa Nasiru abokina ne tun firamare. Yayan Nasiru ya dawo daga Legas da wani kwali, aka fito da ɗan akwati mai waya biyu, aka jona shi a talabijin, aka cusa masa kaset ruwan ɗorawa. Ranar ce na fara ganin abin da yake cikin talabijin yana bin umarnin yatsana. Na danna, ya yi tsalle. Na saki, ya tsaya. Na juya na dubi Nasiru, shi ma bakinsa a buɗe yake.

Ba zan yi wa gem ƙarya don in wanke kaina ba. Abin yana da kyau, kuma kowane iri da daɗinsa. Akwai na tseren mota, wanda in ka sha kwana sai ka ga duk yaran da suke falon sun karkata gefe guda tare da kai. Akwai na ƙwallo, 'yan wasan ƙanana kamar tururuwa, amma in ƙwallo ta shiga raga ihun da muke yi na gaske ne. Akwai na harbin tsuntsaye da bindigar roba, wanda Alhaji da kansa ya taɓa karɓa ya ce bari ya gwada sau ɗaya, har aka kira sallar isha'i yana riƙe da ita. Saratu ba ta son na hayaniya, nata shi ne na jera bulo, suna faɗowa tana gyara musu zama, ba ta ko ƙiftawa. Ni kuma na fi son na ɗan mutumin da yake tsallake ramuka, don kullum akwai wani wuri a gaba da ban taɓa gani ba. Kiɗansa ya bi ni har aji, har cikin waƙar coci. Nasiru ba ya hana kowa. Doka ɗaya ce a falon Hajiya, mahaifiyarsa: a bi layi, wanda ya ci shi yake zama, wanda aka cinye ya miƙa wa na baya.

Baba bai hana mu zuwa ba, amma ya yanke: da rana ne kawai. Bayan tuwon dare wurin Kaka ne. Sai muka riƙa zuwa wurin murhu jikinmu yana nan, hankalinmu yana bayan katanga, don ana jiyo kiɗan gem ɗin sarai daga inda muke zaune.

Wani maraice Kaka ta karkata kunne ta ce, “Maigida, mene ne yake kuka a gidan Alhaji kamar ɗan tsako?”

Na zuba mata bayani har da kumfar baki. Na ce mutum yana da rai uku, in ya faɗa rami sai ya dawo.

“Ya mutu ya dawo?”

“Sau uku, Kaka. In sun ƙare ma sai a sake daga farko.”

“To, garin nan yana da daɗi,” in ji ta. “Ya fi tatsuniya?”

Da na yi shiru da ya fi. Amma na ce, “Ai Kaka, can da ido ake ganin komai. Naki kuwa baki ne kawai.”

Saratu ta mintsine ni. Sai a lokacin na ji abin da na faɗa, da wadda na faɗa wa. Kaka ta yi 'yar dariya ta ce, “Gaskiyarka, Maigida. Ni ma baki ne ya rage mini.” Ta miƙo tafin hannu a ba ta itace.

Kwana biyu bayan haka ta zo da wata baƙuwa da ba mu taɓa ji ba.

Wai wani gari ne a gindin dutse, ruwansu kuma yana can sama, a wata rijiya mai magana. Kowace safiya duk mai son ruwa sai ya hau da kansa, ya leƙa, rijiya ta tambaye shi da waƙa. Kaka takan rera, “Wa ke bakina, wa ke bakina?” Mu kuma mu amsa, “Ni ne, ni ne, na zo da ƙafata.” Sai mutum ya faɗi sunansa, ruwa ya taso daidai cikin tulunsa. Rijiyar ta san kowa. Takan tambayi mai tari yaya tarin, ta tambayi mai ciki saura wata nawa. Hawan dutsen dai da wuya, mutane suna yi suna ƙorafi. Nan itacen daren farko ya ƙare.

A dare na biyu wani saurayi ya fito a labarin, mai wayo, wanda ya iya muryar kowa a garin. Ya ce wa mutane su huta. Ya ɗora tuluna a kan jaki, ya hau shi kaɗai, ya leƙa rijiya ya amsa da muryar maƙeri, ruwa ya taso. Ya amsa da muryar matar maƙeri, ruwa ya taso. Haka har ya cika tulun kowa. Gari ya ji daɗi, aka daina hawa, hanya ta fara ciyawa. Sai wata safiya ya hau kamar kullum, bai san tsohuwar gidan ƙarshe ta rasu cikin dare ba. Ya leƙa ya rera da muryarta, “Ni ce, ni ce, na zo da ƙafata.” Rijiya ba ta taso da ruwa ba. Can ta ce, “Matso kusa.”

Kaka ta laluba murhu da sanda ta ce itace ya cinye. Muka yi ta roƙo, Ladi har da hawaye, ta ce sai gobe za a gama.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni ban ji tsoron rijiyar ba. Saurayin ne ya burge ni. Na kwanta ina cewa a raina, kai, wannan ya iya dabara.

Washegari yayan Nasiru ya fito da sabon kaset na faɗa, wanda bai daɗe da fitowa ba. Na leƙa da la'asar na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutanen manya ne, ana ganin damtsensu, ɗamararsu tana kaɗawa, in an naushi mutum fuskarsa tana yamutsewa. Kowane ɗan faɗa da salonsa, wani na ƙafa, wani na kokawa, wata mace kuma mai saurin tsiya. Kafin layi ya zo kanmu lantarki ya ɗauke, bai dawo ba sai da magariba. Nasiru ya leƙo ta katanga ya ce, “Abeg, don Allah ku zo yau, gobe da safe Yaya zai wuce Jos da shi.”

Baba yana hanya, Mama tana coci. Na tara su Saratu a bayan randa na tsara musu komai. Su uku su tsallaka su kama mana layi. Ni zan kai itace huɗu. Na san Kaka takan koma baya ta taro labari daga farko kafin ta ci gaba, kuma hakan yana ɗaukar lokaci. Zan je in buga sau ɗaya in dawo kafin a kai waƙa. Saratu ta ce ba kyau, amma ta bi su.

Na durƙusa gaban Kaka na sa itace na ce, “Bitrus.” Na ja da baya, na sake matsowa ta ɗaya gefen, na kausasa murya na ce, “Yohanna.” Na yi ta Ladi siririya. Da na zo kan Saratu, Kaka ta riƙe yatsuna ta ɗan jima.

“Saratu, hannunka ya yi girma yau.”

“Sanyi ne, Kaka,” na ce da muryar Saratu.

“To, sanyi ne,” in ji ta. Ta binne gwaza huɗu, ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunaye. Ta gyara zama. “Na zo da baƙuwa.”

Na amsa da ƙarfi, na ƙara da wata siririyar murya a baya don a ji kamar muna da yawa. Ta fara daga garin da yake gindin dutse. Na cire silifas na riƙe a hannu, na taka a hankali, na haye katanga.

Na zaɓi macen nan mai sauri, na cinye Nasiru. Wanda ya ci shi yake zama. Na cinye Yohanna, na cinye wasu yara biyu na layin baya. Falon ya ɗauka da ihu ana kiran sunana, yatsuna suna tafiya da kansu. Saratu ta ja rigata ta ce, “Yaya, Kaka fa.” Na ce saura ɗaya. Na cinye na biyar. Ta sake ja, na buge hannunta. Yayan Nasiru da kansa ya karɓa ya ce bari ya koya mini hankali, shi ma na kwantar da shi. Ban taɓa jin girma irin na wannan lokacin ba. Ina cikin ɗaga hannu lantarki ya sake ɗaukewa, falon ya yi duhu, sai na tuna.

Su Saratu suka bi ta ƙofar gaba suka shige ɗaki. Ni na hauro katanga na raɓe a jikin duron ruwa. Itacen ya zama garwashi. Kaka tana zaune yadda na bar ta, fuskarta tana kallon tabarmarmu, tana magana da hannu da komai, kamar muna nan. Ta rera, “Wa ke bakina?” ta saurara kaɗan, ta amsa wa kanta a hankali, “Ni ne, ni ne, na zo da ƙafata.” Sannan ta ce, “Shi ya sa har yau in ka je garin nan, za ka ga abin da na gaya maka.” Iyakar abin da na samu daga ƙarshen ke nan.

“Baƙuwa ta tashi,” in ji ta.

Ta jira. Taku biyar ne tsakaninmu, amsar tana bakina, na kasa fitar da ita. Ta jira har na ji ƙarar jirgi yana gyara taragu a tasha. Sai ta ce da kanta, “Ta gaida gida.”

Ta ɗauki sanda ta tono gwazan, ta jera su a kan dutse. Ba ta juyo ba ta ce, “Maigida, zo ka ci. Kana ƙamshin turaren Hajiya.”

Na zo na zauna.

“Ga naka. Ga na Yohanna, ga na Ladi, ga na Saratu mai babban hannu. Duk naka ne, kai ka kawo itacensu.”

“Kaka, ki yi haƙuri.”

“Ci tukuna. Ka yi nasara?”

“Na yi.”

“Mutum nawa ka kashe?”

“Shida.”

“Sun tashi?”

“Sun tashi, Kaka.”

“Madalla,” ta ce.

Na ci uku da ƙyar. Na huɗun na ɓare shi, hawaye yana ɗiga a kai, ya ƙi wucewa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma gaya wa Baba ba, har ta mutu. Da ta kai ƙara an zane ni, ina jin da tuni na warke.

Washegari muka zo mu huɗu da itace, kowa har da ƙari. Na ce ta gaya mana abin da rijiya ta yi wa saurayin. Ta ce, “Na gama shi jiya. Tabarma ya ji, ku tambaye shi. Sai citta mai zuwa.” Ta kawo wata tatsuniyar daban, mai ban dariya ma. Amma ba ta miƙo tafin hannu ba. Ta ce kowa ya sa itacensa a murhu da kansa, ta binne gwaza huɗu ba tare da ta tambayi suna ba. Haka ta ci gaba da yi kullum. Ba ta kuma ƙara cewa in yi mata fasto ba.

Na yi ta jiran a haƙi citta. Ina leƙa gonakin bayan gari ina duba ganyen. Kaka ta kwanta a tsakiyar damina, zazzaɓin kwana huɗu, ta tafi ganyen citta yana kore shar.

A ƙauye aka binne ta. Bayan an watse daga addu'a na sami ƙawarta ta ƙuruciya, wata tsohuwa Kande, tana zaune a gindin mangwaro. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta taimake ni da ƙarshen tatsuniyar rijiya mai magana. Ta sa na ba ta labarin tun daga farko. Ta kira wasu tsofaffi biyu, su ma suka saurara, suka girgiza kai.

“Wannan babu shi a garinmu,” in ji Kande da Hausa irin ta Kaka. “Shi ya ƙera abinsa. Haka yake yi tun muna 'yan mata. In yana so ya gaya wa mutum magana, ba ya faɗa kai tsaye, sai ya yi masa tatsuniya.” Ta dube ni da kyau. “Wa yake kwaikwayon murya a gidanku?”

Na tashi na zaga bayan rumbu.

Ashe baƙuwar tawa ce. Dare uku Kaka tana ƙera ta saboda ni, ta ga inda na dosa tun kafin in sani. Ni kuma na saurari rabinta, na tsinci dabarar da take ciki, na yi amfani da ita a kan mai ita, na bar ta tana ba tabarma sauran.

Yanzu 'yata tana da nata gem ɗin, kuma na yau ba a haɗa su da namu. Ana ganin ruwan sama yana gangarowa a fuskar mutum, ana jin numfashinsa. Akwai na noma, na gina gari, akwai masu labari mai tsawo da yake sa ta kuka. Nakan zauna mu buga na ƙwallo, tana cinye ni ba tausayi. Ban taɓa ce mata abin banza ba ne, don na san ba haka ba ne. In ta gaji sai ta ajiye labarin a inda ta tsaya, gobe ta same shi yana jiranta. Wannan ne kawai yake damuna, don na saba ɗauka mutane ma haka suke.

Na daɗe ina zaton darasin tatsuniyar shi ne kada a yi ƙarya. Sai da Mama ta tsufa, na ga kaina ina aika mata gaisuwa ta bakin Saratu, ina cewa a ce mata ina nan tafe, sannan amshin nan ya dawo mini. Rijiyar ba ruwa take rowa ba. So take ta ji tarin mai tari daga bakinsa. Tun daga nan nake kama hanyar Kafanchan da ƙafata, ko ba ni da abin faɗa.

Kwanan baya lantarki ya ɗauke muna tsakiyar wasa, 'yata ta ce in ba ta labari. Na ba ta na rijiya, har inda aka ce “Matso kusa.” Na tsaya.

“Sai me ya faru, Baba?”

Na ce ban sani ba. Na gaya mata dalili, ban rage komai ba, har mutum shidan da na kashe. Sai ta ce, “To ka yi mini muryar Kakan, in ji yadda take.”

Na iya ta. Na iya ta fiye da ta fasto, har yadda take jan numfashi kafin waƙa. Na buɗe baki, sai na ji kamar ina leƙa rijiya da sunan tsohuwar gidan ƙarshe. Na ce wa 'yata wannan muryar ba ta aro ba ce, na tashi na kunna fitila.